Maryamu Daga Tozai

Sana'ata sayar da ƙwan zabi. Da damina, lokacin da zabi ke zuba, nakan bi ƙauyuka in saya a hannun mata da Fulani, in kawo kasuwar Isa. Ƙwan zabo ɓawonsa kauri gare shi, ba ka gane na kirki da ido kawai. Sai ka naɗe hannunka kamar bututu, ka sa ƙwan a bakinsa, ka ɗaga saitin rana. In lafiyayye ne za ka ga cikinsa ya yi ja garau kamar garwashi. In ya fara lalacewa, akwai wata inuwa da za ka gani kwance a gefe guda. Na fi shekara ashirin ina wannan aiki, ban taɓa zaton zai biyo ni har cikin gida ba.

Ɗiyata ta fari sunanta Hadiyya. A takarda na iya rubuta sunan, amma bakina bai taɓa faɗinsa ba. Haka muka taras a gidanmu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a wasa da shi, ba a yabonsa. Da aka yaye ta sai aka kai ta Tsamaye wurin kakarta, can ta girma. In za ni kira ta sai in ce "ke", in kuma maganarta nake yi da wani sai in ce "ta Tsamaye". Uwarta Fatu ta fi ni tsanani a wannan kunya. In yarinyar ta durƙusa ta gaishe ta, sai Fatu ta juya fuska ta amsa wa bango.

Kakar ce ta dage aka sa ta makaranta. Ta yi karatun jinya a Sakkwato, daga baya wani babban asibiti a can ya ɗauke ta a sashen da ake ɗaukar hoton cikin jikin mutum. Ni a aji shida na tsaya, don haka iyakar abin da na sani game da aikinta ke nan.

A daminar bara na lura Fatu ta daina ɗaga taɓarya yadda ta saba. Takan yi daka kaɗan ta tsaya, ta kai hannu ƙirji kamar mai gyara zane. Wata safiya ina zaune ina shan koko, ta zauna nesa da ni ta ce, "Malam, akwai wani abu a mamana na hagu. Kamar ƙwallon dabino. Ba ya ciwo."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin shuka."

Na ajiye ludayi. Na ce mu tafi asibiti a ranar. Ta ce ba inda za ta. Ƙanwar uwarta, Khadijat, an yanke mata mama a asibiti, ba ta yi shekara ba ta rasu, kuma kowa a danginsu ya san dalili: ƙarfe ba ya taɓa ciwon daji, in ya taɓa shi sai ya watsu. Ta kuma sa na rantse ba za ni gaya wa ta Tsamaye ba.

Ni mutum ne mai yawan fargaba ko da babu dalili, balle an ba ni dalili. Abinci ya daina shiga. A kasuwa sai in ɗaga ƙwai saitin rana in manta abin da nake nema. Ɗanmusa, mai sayar da manja a rumfar da ke kusa da tawa, ya ce, "Dalhatu, wanga ƙwai dai ka tausaya mai. Tun ɗazu kake leƙa shi kamar surukinka na ciki."

Ban yi dariya ba.

Bayan mako uku yarinyar ta bugo waya. Ta ce asibitinsu zai turo su Isa na kwana uku su duba mata, kuma sun zo da wata sabuwar fitila. Ranar da suka iso ta zo gida gaisuwa da la'asar. Ta shiga ta gaida uwarta, uwarta ta amsa wa bango, ta fito ta same ni a zaure.

"Baba, in nuna maka abin aikinmu?"

Ta ciro shi daga jaka. Kamar tocila yake, sai dai kansa faffaɗa ne. Ta tura ƙyauren zaure, wurin ya yi duhu, ta ce in miƙo hannu. Ta manna abin a tafin hannuna ta kunna. Sai na ga bayan hannuna ya yi ja, jijiyoyi sun fito baƙi-baƙi kamar saiwar gero.

"Haka muke sa shi ƙarƙashin mama," in ji ta. "Haske na ratsa nama. Inda akwai ƙullutu mai tara jini, hasken ba ya wucewa sosai, sai a ga inuwa. Ba shi ke yanke hukunci ba, Baba, nuni kawai yake yi. In mun ga inuwa sai mu tura mace Sakkwato a bincika da kyau. Amma dole ɗaki shi yi duhu, in ba haka ba ba a ganin komi."

Na ce, "Ke, wannan ai duban ƙwai ne."

Ta yi dariya har ta dafa bango. "Wallahi Baba ranar da anka fara nuna muna, kai na tuna."

Maganar uwarta ta zo mini har maƙogwaro. Na tuna rantsuwa, na haɗiye.

Washegari da hantsi na ɗauki ƙwai biyu, mai kyau da ɓatacce, na kira Fatu tsakar gida. Na ce ta leƙa. Ta leƙa na farko, ta leƙa na biyu.

"Na fasa su?" na tambaye ta.

"A'a."

"Na sa musu ƙarfe?"

"Malam, faɗi abin da kake son faɗi, tukunya na bisa wuta."

Na gaya mata labarin fitilar. Na ce haske ne, ba wuƙa ba, ba allura ba. Ta daɗe tana juya ɓataccen ƙwan a hannunta. Sannan ta ce, "To na ji haske ne. Wa ke riƙe da shi? In je in buɗe ƙirjina gaban ta Tsamaye? Gara ciwon shi kashe ni."

Na san ba wasa take yi ba. Na koma kasuwa zuciyata a cunkushe. Allah da ikonsa, Ɗanmusa ya shiga ba ni labari cewa matarsa ta je an duba ta, lafiya lau. Ya ce masu duban su biyu ne, ɗakuna biyu: ɗiyar wajena, da wata doguwa 'yar Sabon Birni mai suna Sadiya. Ban bari ya gama ba na rufe kwandon ƙwai na yi gida.

Sai da na yi kwana guda ina lallashi. A ƙarshe Fatu ta yarda, amma da sharaɗi. Za ta sa niƙabi. Ɗakin Sadiya za ta shiga. Kuma ba za ta ba da sunanta ba, don kada takarda ta kai labari inda ba a aike ta ba. Za ta ce ita Maryamu ce, daga Tozai.

Na ce ta ce ita ko wace ce, in dai za ta je.

Rana ta uku, ranar ƙarshe, muka fita da sassafe, ita a gaba ni a baya da nisa, kamar ba tare muke ba. Mata sun cika barandar asibitin, an rataya barguna a tagogin ɗakunan biyu. Maza ba su matsawa kusa, don haka na zauna ƙarƙashin darbejiya a bakin ƙofa. Na ga an rubuta sunanta, an ba ta lamba, ta zauna a layi.

Can sai na ga wata doguwar ma'aikaciya ta fito da jaka ta shiga farar mota, motar ta tashi. Na tambayi maigadi. Ya ce ai Sadiya ce, an raba su, ita za ta ƙarasa aikin a Sabon Birni, kuma dole su kama hanya da wuri su dawo kafin rana ta yi sanyi, saboda halin da hanya ke ciki.

Ɗaki ɗaya ya rage, kuma na san wadda ke cikinsa. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa. In na aika a gaya wa Fatu, za ta tashi ta tafi gida, kuma ba mai sake fito da ita har abada. In na yi shiru, na yaudare ta. Na tsaya ina kallon layi yana raguwa, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na zaɓi yin shiru. Har yau ban sani ba ko dabara ce ko tsoro.

Aka kira lambarta, ta shiga.

Abin da ya faru a ciki, daga baya Fatu ta ba ni labarinsa, guntu-guntu, a cikin motar Sakkwato. Ta ce tana shiga aka rufe ƙofa, duhu ya rufe ta, ba ta ganin ko tafin hannunta. Sai ta ji murya ta ce, "Sannu da zuwa, Inna. Ina kwana?"

Ta gane muryar nan take. Kuma kafin ta yi tunani, jikinta ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin da shida: ta juya ta fuskanci bango ta ce, "Lafiya lau."

Mata sun fi ɗari da suka shiga ɗakin nan cikin kwana uku. Ba wadda ta amsa wa bango sai ita.

Ta ji an ɗauki takarda, an haska ta da ƙaramar tocila, an ajiye. Sannan muryar ta ce, a hankali, "Maryamu daga Tozai ko? Kin sha hanya. Zauna nan, baiwar Allah. Ɗakin ga duhu gare shi, ni ba ni ganin fuskar kowa, aikina kawai nike gani."

Fatu ta ce da yarinyar ta ce mata "Inna, ke ce?" da ta ɓalle ƙofar ta fita. Amma tunda Maryamu aka kira, sai Maryamu ta zauna. Aka duba na dama, ya yi ja garau. Aka koma na hagu. Ita da kanta ta sunkuya ta gani: ja ko'ina, sai wuri ɗaya da inuwa ta kwanta, daidai inda ta sani. Ta ce hannun da ke riƙe da fitilar bai yi rawa ba ko kaɗan. Hannun ya taɓa wurin, ya taɓa hammata, muryar ta tambayi wata nawa, ta tambayi ko akwai mai irinsa a dangi. Maryamu ta amsa duka.

Ni ina waje ban san komai ba. Na ga Fatu ta fito ta wuce ni ba ta ko dube ni ba. Na kasa bin ta, na kasa tafiya. Sai bayan azahar, da mata suka watse, yarinyar ta fito. Idanunta sun yi ja, amma fuskarta a wanke take. Ta durƙusa gefena.

"Baba, kana nan ashe."

"Ina nan. Inuwa nike sha."

"Baba, wata alfarma za ni roƙa. Akwai wata mata da na duba yau, Maryamu, daga Tozai. Na ga abin da ban so ba. Ƙarami ne, kuma ina jin an zo da wuri, amma dole ta je Sakkwato cikin makon ga. Ban san mijinta ba. Ko za ka taimaka ka rako ta?"

Na dubi ƙasa. Na ce, "Na san mijin. Wani matsoraci ne. Za ni rako ta."

Ta miƙo mini kati. Da na duba sai na ga an rubuta Fatu Dalhatu, Isa, da kyakkyawan rubutu. Ta ce, "Asibiti ba a shiga da sunan aro, kar a ba wani maganin wani. Amma wannan tsakanina da takarda ne."

Na yi zaton za a sha yaƙi a gida. Da na shiga na taras da Fatu tana ninke zannuwa a jaka. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ka san Sadiya ta tafi?"

"Na sani."

"Allah shi isa tsakanina da kai." Ta ci gaba da ninki. Can ta ce, "Nas ɗin ta ce Maryamu ta zo da zane uku da bokiti."

A Sakkwato aka yi mata hoto iri biyu, sannan aka ce za a ɗebi ɗan nama da allura a auna. Nan maganar ƙarfe ta dawo. Fatu ta ce a mai da ita gida. Ina tsaye bakin ƙofa sai yarinyar ta jawo kujera ta zauna gabanta.

"Inna Maryamu, wadda kika ce an yanke ta rasu, yaushe ta zo asibiti?"

"Sai da ya fashe yana ruwa."

"To ba ƙarfe ya kashe ta ba, jira ne. Naki ko fata bai taɓa ba. Ki ba ni shi yanzu da yake ƙarami."

Abin da ya ba ni mamaki, Fatu tana kallon fuskarta. Ido cikin ido. Ban taɓa ganin haka ba tun ranar suna. Ta ce, "Ke Nas, bakinki ya yi kama da na wata tsohuwa da na sani a Tsamaye. Ita ma ba a kayar da ita a magana."

"Allah shi jiƙanta," in ji yarinyar.

"Amin. To ku ɗiba."

Sakamako ya fito, daji ne. Likitan da zai yi aikin ya zaunar da ni ya yi mini bayani, yarinyar na juya mini abin da ban gane ba. Ya ce ba duka maman za a cire ba, ƙullutun ne da ɗan abin da ke kewaye da shi. Kuma a nan ma haske zai yi aiki. Za a sa wani koren ruwa kusa da wurin, ruwan zai bi hanyar da ciwon zai bi in zai yaɗu, har zuwa kaluluwar hammata. Akwai kyamara mai wani haske da idon mutum ba ya gani. In an haska, duk inda ruwan ya je sai ya yi ƙyalli a allo. Likita ya ga kaluluwar da ke kan hanya ya cire ita kaɗai a auna, maimakon a kwashe hammata gaba ɗaya hannu ya riƙa kumburi.

Na ce, "Wa ke riƙe kyamarar?"

Likitan ya ce da ma aikin wannan ne, ya nuna yarinyar, kuma ita ce ta koya wa sauran. Amma tunda ta gaya musu maras lafiyar 'yar garinsu ce ta kusa, wata ɗalibarta ce za ta riƙe, ita ta tsaya daga baya. Ya yi murmushi da ya ce "ta kusa". Na gane duk sashen sun san ko wace ce Maryamu, kuma ba wanda ya taɓa tona ta.

Ranar aikin na zauna kan benci daga hantsi har azahar. Na ƙirga tayal ɗin baranda, na manta, na sake. Da yarinyar ta fito ta cire abin rufe baki, sai na miƙe tsaye. Ta nuna mini hoto a waya: duhu, sai ɗigo biyu kore suna ƙyalli kamar idon mage.

"Su ke nan, Baba. An cire su. An cire ƙullutun."

Bayan kwana tara awo ya nuna kaluluwar ba ta kamu ba. An ce saura gasa wurin da na'ura da shan magani na tsawon lokaci, kuma za a riƙa dubawa, ba a ce an gama ba. Amma a ranar na ci tuwo kwano biyu.

Ranar da za a sallame mu, ɗakin cike yake da mata da masu jinya. Yarinyar ta zo da takardun magani tana bayani. Fatu ta kamo hannunta ta riƙe, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Nas, ni ban san uwayenki ba. Amma in kin koma gida ki gaya ma uwarki, Maryamu ta Tozai ta ce ta haihu. Ki ce mata ta haifi ɗiya."

Matan ɗakin suka ce amin, Allah shi yi albarka. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Za ni gaya mata." Ni kuma da na ga Fatu ta buɗe ƙofar yabo, sai na bi. Na gyara murya na ce, "Ni ma mijin Maryamu ina da saƙo. Ki gaya ma ubanki, duk kasuwar Isa ba wanda ya kai shi sa'a."

Ta ce, "Shi wannan sai dai ka gaya mai da kanka, Baba. Kun fi kusa."

Da Sallah ta zo gida. Ta durƙusa ta gaida uwarta, Fatu ta juya ta amsa wa bango, kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Amma duk wata uku, in lokacin komawa asibiti ya yi, tun ana saura kwana biyu Fatu ke sa lalle, ta soya ƙwan zabi in lokacinsa ne, ta daka yaji ta ƙulle a leda. Sai ta leƙo zaure ta ce, "Malam, ka nemi mota. Jibi Maryamu na da ganin Nas."